Fadama da Tudu a Fuskar Madam

Wayewar gida a fuskar matar gida ake karanta ta. Rumbu yana iya yin ƙarya, domin ba mai leƙa cikinsa. Garke yana iya zama na aro, babbar riga ma haka. Amma kumatun mace ba su iya ƙarya ba, kuma duk gidan da fuskar matarsa ta tsattsage ya fita daga sahun gidajen da suka ci gaba, ko da kuwa akwai rediyo a cikinsa.

Hedimasta Na'Allah ne ya gano wannan gaskiya, kuma da yake mutum ne mai son ilimi ya yaɗu, bai riƙe ta shi kaɗai ba. Ya faɗe ta a gindin darbejiyar makarantarsa, ya maimaita ta a ƙofar masallaci, ya kai ta har teburin mai shayi. Mutanen Turba suka saurara da ladabi, domin a shekarar ba su da wani aikin yi. Shekarar ce da soja suka rufe iyaka, sama ma ta rufe tata. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Fulanin da suka saba shigowa da nono suka kora abin da ya rage na shanunsu suka yi kudu. Rijiyoyin gari suka koma ba da laka, sai an je gulbi an tona rairayi, an zauna ana jiran ruwa ya tsattsafo kamar mai jin kunya. Albashin malamai ma ya bi sahun damina. A irin wannan shekara, in ji Hedimasta, ake gane gidan da ya waye.

Hujjarsa tana cikin gida, sunanta Kadijatu. 'Yar birnin Sakkwato ce, kuma yana kiranta Madam, kalmar da ya tsinto a wata tafiya da ya taɓa yi Maraɗi. Mace ce mai fara'a. Ba ta taɓa zagin kowa ba, ba ta kuma taɓa tambayar daga ina abu ya fito ba. Aibinta ɗaya, fuskarta ta ƙi zama abu guda. Goshi da hanci da haɓa suna tsattsafo da maiƙo tun kafin hantsi, sai ka ce a kansu aka soya ƙosai. Kumatu kuwa a bushe suke ƙamas, suna ɓarewa kamar bangon da aka yi wa yaɓe da tsakar rana. In ta shafa basilin saboda kumatu, hanci ya fito da ƙuraje. In ta barbaɗa hoda saboda hanci, kumatu su tsage, hodar ta shige cikin tsagar ta zauna. Ga mutumin da ya ɗora martabar gidansa a kan wannan fuska, abin ya wuce wasa.

Habi dillaliya ce ta warware matsalar. Habi tana bi gida-gida da ƙunshin kayan Maraɗi, waɗanda jakunan da ke ɗauko su ba su ji labarin rufe iyaka ba. Ta kama haɓar Madam ta juya ta wajen haske, ta danna nan, ta shafa can.

"Ke ɗiyar birni, ba cuta gare ki ba," ta ce. "Gona biyu Allah ya ba ki wuri guda. Tsakiyar ga fadama ta, gefen ga tudu na. Kin bi kin yi musu noma iri ɗaya, dole su ƙi ki."

Ta zayyana yadda ake noman kowanne. Fadama tana son sabulun salo safe da rana da marece. Bayan sabulu a goge ta da dusar gero mai laushi, sabuwa, wadda ba ta kwana ba, a ɗauraye da ƙasari, wato ruwan da aka wanke surfe da shi, sannan a bi da ruwa garau. Hoda a goshi da hanci take tsayawa, ba ta ƙetarawa. Tudu kuwa sabulu bai halatta gare shi ba. Madara yake so, mai ɗumin nono, a shafa da auduga a bari ta shige, kana a bi da ɗan man kaɗe. Kwalli da jan-baki su ba ruwansu da rikicin, ko'ina aka sa su za su zauna lafiya.

Habi ta sayar da hoda da sabulu da man kaɗe. Sauran, ta ce, ai kayan gida ne, kyauta ake samunsu. A yawancin gidajenmu, abin da ake kira kyauta shi ne abin wanda ba a shawara da shi.

A gidan Hedimasta, wadda ba a shawara da ita sunanta Tani. Yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijinta ya rasu ta dawo daga Gatawa da tabarma da tukunya da jar akuya mai ɗa, aka ba ta ɗakin da ke jikin madafi. Ita ke zuwa gulbi, domin Madam tana kulle, kulle kuwa na matan da ake kishi a kansu ne. Ita ke surfe, domin taɓarya tana sa hannu kanta. A madadin haka dusa da ƙasari nata ne, ba wanda ya taɓa waiwayarsu, kuma da su take riƙe akuyar, wadda take kira 'Yar Gatawa. Akuyar na ba ɗanta nono, ta rage wa Tani abin da za ta zuba a kunu. A duk unguwar, tun da Fulani suka tafi, babu wani nono sai wannan.

Akuya ɗaya ba dukiya ba ce a bakin maza. Amma muddin 'Yar Gatawa tana ɗaure a turkenta, Tani mace ce mai abin kanta da ke zaune gidan ƙanenta. In an yi haihuwa a dangi tana da abin da za ta yi alkawari a kansa. Ranar da turken ya zama wayam, ta zama baki kawai, cikin bakunan da ake ciyarwa. Ta san wannan sarai, shi ya sa take raba ruwan shanta da dabba.

Madam ta fara zuwa da ludayi. Ta durƙusa, ta gaishe da Yaya da kwana, ta tambayi ciwon gwiwa, ta ce ɗan kaɗan take so, na shafawa ne ba na sha ba. Tani ta tatsa mata. Dusar ma tafin hannu ɗaya ce. Ba a daɗe ba aka lura tudu yana shanye madara da sauri, ludayi ya zama moɗa, sannan aka ga marece ma yana da nasa haƙƙi. Fadama ita ma ta nuna ba ta son rowa. Tun da sau uku ake wanke ta, sau uku ake gogewa, kuma dusar da ta fi laushi take so, wadda aka tankaɗe. Abin da ya rage a rariya shi ne rabon 'Yar Gatawa. Ƙasari kuwa da an wanke surfe ake juye shi a kwanon Madam. Ruwan garau na ƙarshe shi ne saman tulu bayan laka ta kwanta. Ƙasan tulun na sauran jama'a ne.

Tani ta sami ƙanenta a zaure, yana karanta jaridar da ta girmi azumin bara.

"Auta, matarka ta cinye abincin akuyata da hanci."

Hedimasta ya roƙe ta, ba yau ya fara ba, da ta bar kiransa Auta a zaure inda ɗalibai ke wucewa. Sannan ya naɗe jaridar ya yi mata bayani cikin haƙuri, irin wanda yake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya ce babu wanda ya ci komai, shafawa dabam, ci dabam. Ya ce gidan nan gida ɗaya ne, babu nawa babu naki, kuma duk wanda ya yaba fuskar Madam ai har da Yaya ya yaba, ko da bai ambace ta ba.

"To mi ɗan akuya za shi sha?"

"Yaya, a ƙasashen da suka ci gaba tun yana jariri ake yaye ɗan akuya. Shi ya sa nasu suka fi namu hankali."

"Can ƙasashen, da kumatu matan hedimasta ke shan nono?"

Ya tsallake wannan tambayar, domin ba ta cikin manhaja. Amma da yake adali ne, ya fito da maslaha daga ilimin kimiyya, wanda ya tabbatar cewa babu abin da ke ɓacewa a duniya, wuri kawai yake sakewa. Daga ranar, dusar da aka goge fadama da ita za a tattara a mayar wa akuya, ƙasarin da aka ɗauraye da shi ma haka. Fuska ta samu, dabba ta samu. Ya ce da gwamnati za ta yi koyi da gidansa da ba a ji labarin fari ba.

Aka kawo wa 'Yar Gatawa kaskonta cike da dusa mai kumfar sabulun salo da maiƙon goshi. Ta sunsuna, ta ɗaga kai ta dubi Tani, irin kallon da ake yi wa wanda aka daɗe ana ganin girmansa. Ta yini ba ta taɓa ba. Da yunwa ta ci ƙarfinta ta ci, zawo ya biyo baya. Bayan ta ɗan farfaɗo, wata rana igiya ta kwance, ta shiga ɗakin Madam ta cinye kwalin hoda, ta fito da farin baki kamar amaryar birni. Hedimasta ya zauna a kan shari'ar da kansa, ya yanke hukuncin a rage tsawon igiya.

Madam ba ta ji daɗin ganin ran Yaya a ɓace ba. Ta zo har ɗakinta ta zauna bakin tabarma, ta rantse da fuskarta iri ɗaya ce kamar ta kowa da ba ta dami kowa ba, ita ma jarrabawa ce Allah ya ɗora mata. Ta kawo mata kyautar gwangwanin hodar da ya ƙare, mai ɗan madubi a murfi. Tani ta yi godiya. Da Madam ta fita Tani ta buɗe ta duba, ta ga ita Allah ya sauƙaƙa mata, fuskarta duka tudu ce.

Gaskiya dai maganin Habi ya yi aiki, kuma zalunci ne a ɓoye hakan. Ƙuraje suka baje. Hanci ya daina walƙiya, kumatu suka fara. Fadama da tudu suka yi sulhu, har ba ka gane inda ɗaya ta ƙare ɗayan ya soma. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron wuta ko da tasu tana ci, don su gani da idonsu. Hedimasta ya ƙara tsawon jawabinsa a teburin mai shayi. A bayan madafi kuwa haƙarƙarin 'Yar Gatawa ya fito fili, gashinta ya daina sheƙi, yana zuba a wuya da gindin wutsiya. Ɗanta yana kama nono ya tunkura, ya tunkura, ya saki ya tsaya yana tunani. Daga baya ya koyi jingina da bango. Tani ta daina zuba komai a kununta, ta ce dama madara na sa ta kumburin ciki. A hanyar gulbi takan ja ƙugiya ta kakkaɓo 'ya'yan gawo, amma duk Turba ƙugiya gare ta, itatuwan kuwa ba su ƙaru ba.

Ana cikin haka mai shela ya zagaya gari. Ya ce gwamnati ta aiko da hatsin agaji, yana garin Isa, kuma kwamiti zai zo ya ga halin da kowane gida yake ciki. Tun da maza ba su shiga gidan mutane, wata malamar asibiti ce za ta shiga ta duba mata da yara, abin da ta gani shi za a yi aiki da shi.

Duk Turba ta fahimci shelar iri ɗaya. Masu kaza suka kai ta maƙwabta, maƙwabtan ma suka kawo tasu. Mafi yawan gidaje ba su da abin ɓoyewa, sai dai su buɗe ƙofa. Hedimasta kaɗai ya hango abin da jahilai ba su hango ba. Gwamnati, in ji shi, za ta zo ne ta san wane ne wane. Mutane iri biyu ne a duniya, masu miƙa ƙwarya da masu riƙe tiyar awo, kuma wannan ziyara ita za ta raba su har abada. A lokacin abin da ya rage a rumbunsa sai an shiga da tsintsiya ake tara shi. Amma rumbu, kamar yadda ya riga ya koyar, ba mai leƙa cikinsa.

Aka yi shiri. Madam ta ninka madarar tudu. Aka fito da kwanonin jere aka goge, aka sa turaren wuta. Da safiyar zuwan kwamiti Hedimasta ya ba Yaya shawara cikin girmamawa, ya ce ta ɗauki tulu ta tafi gulbi ta can nesa inda ruwan ya fi daɗi, ta tafi da akuyar ta sha iska, kada ta yi gaggawar dawowa. Bai ce ƙafafunta masu faso da zaninta za su ɓata tsari ba. Mutum ne mai ladabi. Ɗan akuyar ba ya iya tafiya, aka bar shi a jingine.

Bayan fitarta ne ya tuna baƙon gwamnati ba a tarbarsa da ruwa zalla. Ya dubi ɗan akuyar ya ga ko yau ko gobe ne, barinsa ya zama mushe almubazzaranci ne, yanka shi kuwa rahama. Ya yi masa rahamar da hannunsa.

Malama Fatu, malamar asibitin, tun safe take shiga tana fita. Ta ga mata masu shayarwa da babu abin shayarwa a jikinsu, ta ga yaran da gashinsu ya yi ja, ta ga tsofaffin da ba su tashi sun amsa sallama ba. Da ta ɗaga labulen Madam, ƙamshi ya fara gaishe ta, sannan fuskar. Ta tsaya. Ita ma, kamar yadda ta faɗa daga baya, tun tana makarantar koyon jinya take fama da irin wannan fata, hanci na maiƙo kumatu na ɓarewa, ta gwada mayukan Kaduna da na Legas ba ta dace ba. Ta ajiye jakarta ta zauna.

Madam ta buɗe mata ilimin duka, ba ta rage komai ba. Ta nuna iyakar fadama, ta nuna inda tudu ya fara, ta gargaɗe ta a kan kai hoda inda ba hurumin hoda ba.

"Madara kika ce? A wannan shekarar?"

"Safe da marece, Malama. Mai ɗumi. In ta huce ba ta shiga."

"Dusar kuma sabuwa kullum."

"Wadda ta kwana ai sai dabbobi."

Malama Fatu ta tambaya ko akwai wani a gidan bayan su. Madam ta ce sai Yaya, ta fita shan iska da akuyarta. Nan aka shigo da farfesu. Malama ta ci, ta yaba taushin naman, ta fito ta sami mai gari da kofur ɗin sojan da ke rakiyar kwamiti, ta shaida musu cewa yau ta ga gida ɗaya da Allah ya tsallakar. Gidan da ake surfe kullum, ake wanke fuska da madara, ake yanka wa baƙo dabba, tsohuwarsu ma yawon shan iska take zuwa. Hedimasta yana tsaye yana ji, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya kamaci wanda ake yabo.

Tani ta dawo da la'asar, tulu a ka, igiya a hannu. Tun daga zaure hancinta ya gaya mata. 'Yar Gatawa ta ja ta zuwa bangon da ɗanta yake jingina, ta sunsuna ƙasa, ta yi kuka har muryarta ta dushe. An ajiye wa Yaya kai da ƙafa a rufe, domin gidan ba gidan zalunci ba ne. Ba ta buɗe kwanon ba. Washegari Hedimasta ya karya da shi, gudun almubazzaranci.

Ranar rabo aka tabbatar da hangen nesansa. Mai gari ya ce tun da gidan Hedimasta ba ya cikin mabukata, kuma ya iya lissafi, shi ya fi dacewa ya riƙe tiya. Ya tsaya a gindin motar hatsi cikin babbar riga yana auna wa jama'a dawa, yana yi musu nasiha a kan tattali. A wani zamanin mai riƙe tiya ba ya komawa gida hannu wofi, amma zamanin soja ne, kofur yana tsaye a bayansa da bulala, idonsa a kan kowace ƙwaya.

Can cikin layin mata ya hango wata ƙwarya da ya sani. Layin ya yi ta matsowa har ƙwaryar ta iso gabansa. Kofur ya tambayi daga wane gida. Kafin ta buɗe baki Hedimasta ya yi dariya, ya ce wannan ai yayarsa ce, ta zo ganin yadda aiki ke tafiya ne. Sannan ya rage murya.

"Yaya, mutane na kallo."

"Awo, Auta. Suna kallo."

Ta janye hannunta. Sannan ta kifa ƙwaryar a kanta kamar dama don rana ta ɗauko ta, ta yi wa kofur sannu da aiki, ta fita daga layi.

Bayan mako biyu ko uku tsintsiya ta shiga rumbu ta fito ba komai. Nonon 'Yar Gatawa ya ƙafe tun bayan ɗanta. Hedimasta ya kira taron gida, abin da bai taɓa yi ba, ya ba Yaya tabarmar baƙi. Ya fara da tarihin fari a ƙasashen Afirka. Ya bayyana cewa gidan da gwamnati ta yi wa shaida a gaban jama'a ba zai je yana roƙon awo a maƙwabta ba, rediyo kuwa kayan aiki ne, kwanonin Madam amanar iyayenta ne. Ya ce dabbar da ba ta ba da nono, ga ci ga sha, nauyi ce a kan al'umma, kuma shi a ganinsa wahala take sha, tausayinta yake ji. Ya tuna mata gidan nan babu nawa babu naki. Madam ta share hawaye da gefen mayafi, a hankali, ta ƙasan ido, don kada kwalli ya gangaro kan tudu. Hedimasta ya ce zai nemi wanda zai kai akuyar kasuwa.

"Bari," in ji Tani. "Ni za ni kai ta. Ba ta bin baƙo."

Ranar kasuwar Bafarawa ta kama hanya da sassafe, akuyar na biye da ita tana tsayawa tana hutawa, ita ma tana tsayawa. Kasuwar dabbobi ta cika maƙil, kowa ya kawo abin da ya kasa ciyarwa. Mahauta suka dubi haƙarƙarin suka wuce. Masu kiwo ba su ko tsaya ba. Sai da rana ta karkata wani dattijo ya nuna mata rumfar Sodangi, mai sayen fata. Jar akuyar ƙasar nan, ko ba nama a jikinta, fatarta tana da masu nema har ƙasashen da suka ci gaba.

Sodangi ya durƙusa ya shafa bayan akuyar. Ya tsunkuli fatar ya saki, ta tsaya yadda ya tsunkule ta. Ya buɗa gashin wuya, ya duba gindin wutsiya, ya girgiza kai kamar likita.

"Inna, wagga fata an yi sakaci da ita. Dubi yadda ta bushe, ga zubar gashi, ga tabon susa. Jar akuya fatarta ita ce darajarta, sai da kulawa. Ɗan dusa, ɗan ƙasari, ai ba su gagari kowa ba. Ku ba ku kula da fata gidanku?"

"Muna kula da ita, ɗana," in ji Tani. "Safe da rana da marece. Ba dai wagga ba."

Bai gane ba, bai kuma tambaya ba. Abin da ya ba ta ta kai rumfar masu hatsi, ta sayi geron da bai kai bakin ƙwaryarta ba. Ta koma ta ce masa igiyar ba ta cikin ciniki. Ya kwance ya miƙa mata. Ba ta dubi wajen da aka ɗaure akuyar ba, ko da ta ji an kira ta da muryar da ta sani.

Ta iso Turba gab da magariba. A zaure Hedimasta yana tare da wasu malamai biyu daga Sabon Birni, yana ba su labarin yadda gwamnati da kanta ta tabbatar da ra'ayinsa a kan fuskar matar gida. Ya amsa sallamarta ba tare da ya yanke jimlarsa ba. A tsakar gida Madam ta taso da sauri ta kama mata kaya ta sauke, ta kawo mata ruwa, daga saman tulu ma. Ta yi mata sannu da hanya, ta ce Allah ya mayar da alheri, ta ce ita ma ta yi rashi, don tun da nonon ya ƙafe tudu ya soma ɓarewa, amma ba komai, za ta yi haƙuri da man kaɗe kamar kowa. Sai ta leƙa cikin ƙwaryar, fuskarta ta washe.

"Gero ne ma. Yaya, in kin surfa, dusar nan ki tankaɗe mini ita duka. Yanzu ai ba mai rigima a kanta."

Tani ta rataye igiyar a kan turke. Ta jawo turmi, ta yayyafa wa geron ruwa, ta surfa, ta bushe shi a faifai. Ta tankaɗe dusar har sau biyu. Ta nemi abin zubawa ba ta ga kwano a kusa ba, sai kaskon 'Yar Gatawa a gindin turke. Ta ɗauko ta wanke shi tas, ta zuba dusar, ta rufe da faifai saboda ƙuda, ta ajiye a ƙofar ɗakin Madam. Sannan ta koma ta hura wuta, domin akwai baƙi a zaure.